Tambayar da Ban Yi wa Auta Ba

Na san wataƙila kina karanta wannan ne da waya a hannu ɗaya, jariri a ɗayan, ko kuma kin ɗora sanwa kina jira ta tafasa. Ki ɗan ara mini hankalinki, domin maganar yau mai nauyi ce. Idan kuma ke kanki kina cikin wani hali a 'yan kwanakin nan, ki nemi wadda kika yarda da ita ku karanta tare.

Ƙanwata, autar ɗakinmu, ta kashe kanta wata biyar bayan ta haifi 'yarta ta biyu. Shekara uku ke nan. Sai da na yi fiye da shekara guda kafin bakina ya iya furta wannan magana, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. A zaman makoki duk wadda ta shigo ta ce, "Ashe Auta lokaci ya yi? Me ya same ta?" amsa ɗaya muke bayarwa kamar mun haɗa baki: gajeriyar rashin lafiya. Maƙwabta sun sani, mu ma mun san sun sani, kowa dai ya rufa wa kowa asiri. Ba zan faɗa miki yadda ta yi ba, kuma ina roƙon masu rubuto sharhi a ƙasa kada su tambaya, kada kuma su kawo labarin yadda wasu suka yi. Daga baya na koyi cewa irin wannan bayani dalla-dalla yana iya zame wa mai rauni jagora.

Auta ba marar addini ba ce, don na san nan tunanin wasu zai fara zuwa. Ta yi saukar Alƙur'ani tun kafin aure, tana azumin Litinin da Alhamis. Mijinta kuma mutumin kirki ne, ɗan kasuwa mai fita da safe ya dawo bayan isha'i, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar ta da yunwa ba. Tana haɗa turaren wuta da humra tana tallatawa a WhatsApp. Ita ce mai sa mu dariya a duk bikin dangi.

Ke ma kin san yadda muke yi wa maijego. Kwana arba'in tana cikin gata: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, 'yan barka na shiga suna fita. Goggonmu ce ta je ta zauna da Auta ta yi mata wanka. Ranar da aka yi arba'in Goggo ta ɗaure kayanta ta koma ƙauye, aka yi yawon arba'in, kowa ya kama gabansa. Daga nan gidan ya yi tsit. Aka bar ta da jaririya mai kukan dare, da 'yar shekara uku mai ƙiriniya, da wanki da girki. Mun iya kula da jikin maijego, wannan kam babu wanda zai koya mana. Amma a duk kwanakin nan ban ji wata ta zaunar da ita ta ce, "Ya zuciyarki?" ba, har da ni.

Alamun sun zo ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce na samo mata fassara mai daɗi. Ta daina saka hotunan turare, na ce hidimar goyo ce. Ta bar kitso da lalle, ta rame, na ce shayarwa ce. Ta ce ba ta iya barci ko da jaririyar ta yi barci, na ce ta riƙa karanta addu'ar kwanciya. Wata rana ta kawo mini sarƙarta ta gwal da atamfofi uku cikin na lefenta ta ce in ajiye wa yaran, na yaba mata da hangen nesa. Ta bi 'yan'uwa ɗaya-ɗaya a waya tana neman gafara, muka ce kai, Auta ta ƙara tsoron Allah.

Sai ranar da na je gidanta da la'asar na same ta zaune a bakin gado, ɗakin babu haske, ba ta ko ɗaga labule ba. Ta ce, "Yaya, na gaji. Da babu ni da kowa ya huta."

Kin san abin da na ce mata? Na ce, "Subhanallahi! Ki yi istigfari. Wa kika ga ba ya gajiya? Ga mijinki, ga 'ya'yanki lafiyayyu, wasu nema suke yi ido rufe. Ki yi haƙuri, haka kowa ta yi." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya." Na share mata ɗakin, na yi wa yaran wanka, na tafi ina ganin na yi abin kirki. Sati biyu bayan nan ta warware, ta yi kitso, ta kira ni muna ta dariya. Na yi hamdala. Kwana huɗu tsakani aka buga mini waya da asuba.

Babu ƙarya a cikin abin da na faɗa mata. Haƙuri gaskiya ne, istigfari gaskiya ne. Sai dai ita ƙofa ta ɗan buɗe mini, ni kuma na sa kyawawan kalmomi na mayar na rufe.

Bayan shekara ɗaya ni ma barci ya ƙaurace mini, jinina ya hau. Na je asibitin unguwarmu. Wata nas mai ɗan shekaru, wadda kowa ke kira Sista, ta auna ni, ta tambaye ni abin da ke damuna. Na ce rasuwa aka yi mana. Ta ce ta wa, kuma ta yaya? Ban san abin da ya sa ba, na gaya mata gaskiya. Ta ajiye biro, ta dube ni ta ce, "Hajiya, zan yi miki wata tambaya, kada ki ji haushi. Ke kanki, tunanin kashe kanki yana zo miki?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce a'a. Sai kuma na ce, amma wani lokaci nakan ji da ma in kwanta kada in tashi. Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'iza. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Da na natsu sai ta ce tana yi wa duk wanda ya rasa ɗan'uwa ta wannan hanya tambayar nan, saboda su ma suna cikin haɗari fiye da sauran mutane. Na ce, "Sista, ba kya tsoron ki sa wa mutum tunanin da ba shi da shi?" Ta ce an yi bincike a kan haka ba sau ɗaya ba, kuma tambaya ba ta dasa wa mutum wannan tunani. Wanda ba shi da shi zai ce a'a, ya wuce. Wanda yake da shi kuwa, sau da yawa sauƙi yake ji, don ya samu wanda zai iya jin maganar ba tare da ya gudu ba.

A hanyar komawa gida abu ɗaya nake ta juyawa: wannan tambaya ba ta fi kalma biyar ba, kuma ban yi wa Auta ita ba.

A lokacin mun riga mun fara tara kuɗi, mu 'yan ɗakinmu, don a haƙa rijiya a ƙauyenmu a matsayin sadaka gare ta. Na kawo shawarar a raba kuɗin biyu, a yi rijiyar, sauran kuma a kira Sista ta koya wa matan unguwa abin da ta koya mini. Inna ta ce sam. Ta ce, "So kike ki tona mana asiri a duniya? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gobe wa zai zo neman auren 'ya'yanta, wa zai zo neman naku?" Kada ki yi saurin ganin laifin Inna. Tsoronta yana da tushe, don mun san yadda ake binciken asali kafin aure, kuma mun san abin da kalmar "taɓin hankali" take yi wa sunan gida. Yayanmu namiji kuma ya kawo nasa tsoron, na hukuma. A dokar hukunta laifuka ta Arewa, sashe na 231 ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Wannan yana cikin dalilan da ke sa iyalai su ɓoye wanda ya yi yunƙuri a ɗaki maimakon su kai shi asibiti. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, kuma a nan ma likitoci sun daɗe suna kiran a yi haka. A farkon shekarar 2023 ɗin ce aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon marar lafiya kamar wanda za a tsare kawai.

Wata uku muna ja-in-ja. A ƙarshe Inna ta ce mu yi, da sharaɗin kada a ambaci sunan 'yarta. Shi ya sa har a nan Auta kawai nake ce mata.

Na je wurin limamin unguwarmu gabana yana faɗuwa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce kashe kai haramun ne, babban zunubi, babu malamin da ya yi saɓani a kai, kuma ba zai yarda a sassauta wannan a gaban mata ba. Na ce ni ma ban zo neman haka ba. Sai ya ƙara da cewa mafi yawan malamai sun tafi a kan ana yi wa Musulmin da ya mutu ta haka sallah, ana yi masa addu'a, kuma hukuncin wanda ciwo ya taɓa hankalinsa yana wurin Allah, ba a bakin mutanen unguwa ba. Ya ce hana aukuwar abu ya fi zaman tsine wa wanda ya riga ya tafi. Ya ba mu aji ɗaya a Islamiyya ranar Alhamis, tunda babu karatu.

Sista ce ta ce kada mu yi gayyar kowa da kowa. Ta ce mu nemo matan da mata ke buɗe wa ciki. Da muka zauna lissafi sai ga su: mai kitso, wadda kai ke kwanciya a cinyarta awa biyu, mai lalle, ungozoma, uwar adashi, wadda ta fi kowa sanin wadda bashi ya shaƙe, malaman Islamiyya mata, matar mai kemis, da tsofaffin da ake kira wankan jego. Mu ashirin da 'yan kai muka zauna a kan tabarmi, Alhamis uku a jere.

Ranar farko ta ba mu alƙaluma kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, ba a Turai kaɗai ba kamar yadda muke ɗauka. Ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ungozoma ta ƙirga matan da ta karɓi haihuwarsu a wannan shekara da yatsu, ta yi shiru.

Sannan ta bambance mana abu uku da muke cakuɗawa. Akwai 'yar ƙuncin zuciya da saurin kuka da ke zo wa maijego a kwanakin farko, wanda kan wuce da kansa cikin sati biyu. Akwai ciwon damuwa, wanda ke wuce sati biyu: ba ta jin daɗin komai, ba barci ko barci ya yi yawa, ba cin abinci, tana ganin ita uwar banza ce, kowa zai fi jin daɗi in ba ta. Wannan ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma yana iya zuwa ko da watanni bayan arba'in. Na uku shi ne rikicewar hankali farat ɗaya bayan haihuwa, mace ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan bai cika faruwa ba, mace ɗaya ko biyu cikin dubu, amma na gaggawa ne, a ranar ake kai ta asibiti. Wata malama ta ce, to ai wannan mu aljanu muke cewa. Sista ta ce ba ta hana kowa addu'a da ruƙiyya ba, ita ma tana yi, amma a yi su a kan hanyar asibiti, kuma kada a ɗaure mace, kada a doke ta.

Da ta zo kan alamu, sai na ji kamar labarin Auta take karantawa: rabar da kaya masu daraja, bin mutane ana sallama da neman gafara ba tare da dalili ba, janyewa daga mutane, maganar "na zame muku kaya". Har da wadda ta fi ci mini rai, wato sauƙin da ke zuwa kwatsam bayan dogon ƙunci. Ta ce wani lokaci wannan natsuwar ta wanda ya riga ya yanke shawara ce. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar Auta a satinta na ƙarshe, da sabon kitso da dariya, ba ta gaya mini komai ba.

Alhamis ta biyu ita ce mai wuya. Sista ta raba mu bibbiyu ta ce kowace ta dubi 'yar'uwarta ta yi mata tambayar da bakinta. Ki zo ki ga manyan mata ana ta dariyar kunya ana rufe fuska da mayafi. Wata ta ce, "Ba dai kina tunanin wani abu marar kyau ba ko?" Sista ta ce wannan ba tambaya ba ce, kin riga kin gaya mata amsar da kike so. Wata ta ce, "Kada dai ki yi abin da za ki jefa mu a uku." Ta ce wannan kuma gargaɗi ne. Ungozoma ta ce ita bakinta ba zai iya ba, shekararta sittin ba ta taɓa furta wannan kalma ba. Sai da ta gwada sau huɗu. Abin da muka koya shi ne ki fara da abin da kika gani, sannan ki tambaya kai tsaye: "Na ga kin rame, kin ce ba kya barci, kuma ɗazu kin ce da babu ke da an huta. Kina tunanin kashe kanki ne?" Daga nan ki kama bakinki. Shirun nan ya fi tambayar wuya, domin harshenmu ya saba da gaggawar cewa "ki yi haƙuri".

In ta ce e, kada ki yi salati ki dafe ƙirji, kada ki fara jero mata ayoyin azaba. Ta san su, kuma sanin ne ya sa ta ɓoye tun farko. Ki gode mata da ta gaya miki. Ki tambaye ta ko ta tsara yadda za ta yi da lokacin da za ta yi, don wadda ta tsara tana cikin haɗari na kusa. Kada ki bar ta ita kaɗai. Kada ki yi mata rantsuwar ba za ki gaya wa kowa ba, ki ce mata, "Rayuwarki ta fi mini sirrin nan, zaɓi wanda za mu gaya wa tare." Sannan a kai ta wurin likita, a ranar in da hali. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. In duk sun yi nisa, babban asibiti mafi kusa ya isa a fara. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, saboda haka kada a yanke ƙauna a sati na farko, kuma akwai waɗanda likita ke ba mai shayarwa. Bayan an dawo gida ne aikinki yake farawa: kira, leƙawa, ɗaukar mata yaro ta samu barci.

A nan ne Sista ta sa mu yi abin da ban zata ba. Ta ce kowace ta rufe ido ta zagaya gidanta, ta lissafa maganin ƙwari, da na ɓera, da na feshin gona, da ragowar ƙwayoyin asibiti da ke cikin kwano a kan firji. Ta ce sau da yawa matsanancin halin ba ya daɗewa, mintuna ne ko 'yan awanni, kuma in abin bai kasance a kusa da hannu ba, lokacin yakan wuce mutum yana raye. Mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Ta ba mu misalin Siri Lanka, inda aka haramta magungunan ƙwari mafiya guba, kuma aka ƙiyasta an ceci rayuka kusan 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Don haka in akwai mai damuwa a gida, a kwashe waɗannan a kulle, ko a kai gidan maƙwabta. In kuma har wani ya sha wani abu, a bar ɗura masa manja ko madara, a bar sa shi amai. A ɗauke shi da kwalbar zuwa asibiti nan take. Rabin ajin sun ce su manja suka sani.

Ranar ƙarshe na tambaye ta ko mu da ba mu yi karatun likita ba za mu iya wani abin kirki. Sai ta ba mu labarin wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe, Dixon Chibanda, wanda wata majiyyaciyarsa ta kashe kanta saboda ba su da kuɗin motar zuwa Harare wurinsa. Abin ya tsaya masa a rai, ya koya wa tsofaffin mata, kakanni, yadda za su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci su saurari masu damuwa. Da aka gwada tsarin a bincike, aka ga yana rage ciwon sosai. Goggo, wadda ta zo daga ƙauye don zaman, ta ce, "Ashe mu ma muna da amfani bayan ruwan zafi."

Ba zan ce miki mun gyara unguwa ba. Akwai matar da muka kai asibiti, mijinta ya hana ta komawa, ya ce ana mayar masa da mata mahaukaciya, suka tashi daga unguwar, har yau ba mu san halin da take ciki ba. Amma wata bakwai da suka wuce mai kitso ta kira ni da dare muryarta tana rawa. Ta ce wata amarya mai goyon fari ta kwanta a cinyarta ta ce wannan ne kitsonta na ƙarshe. Ta ce, "Hajiya, na tambaye ta. Wallahi na tambaye ta, ta ce e." Ba ta bar ta ta tafi ba, ta ce kitson bai ƙare ba, ta aika aka kira uwar yarinyar. Da safe muka raka su asibiti. Tana shan magani yanzu, kuma ranar sunan wata maƙwabciya na gan ta tana rabon waina.

In kuwa ke ce kike karanta wannan kina jin maganar Auta a bakinki, to ki gaya wa mutum ɗaya yau, kafin ki kwanta: mahaifiyarki, ko yayarki, ko ƙawarki, ko nas ɗin da ke yi wa jaririnki rigakafi. In ta farko ta ce ki yi haƙuri kawai, kamar yadda na yi, ba ƙin ki take yi ba, ba ta sani ba ne. Ki gaya wa ta biyu. In abin ya matsa miki a daren nan, ki tashi wani a gidan ya kai ki asibiti mafi kusa.

An gama rijiyar, ana sha. Zaman Alhamis kuma mun yi shi zagaye huɗu, na gaba na maza ne, liman da kansa ya nema, kuma mijin Auta ya ce zai zo. Inna ba ta taɓa cewa komai a kan zaman ba, amma tun zagaye na biyu take zuwa da kular zoɓo ta zauna a can baya kusa da ƙofa. Sarƙar gwal ɗin tana nan a ƙasan akwatina. Babbar 'yar Auta ta shiga aji ɗaya bana, kuma ta fara tambayata wane irin ciwo ne ya kashe mamanta. Na ce mata ciwo ne da ke kama zuciya da tunani, in ta ƙara girma zan yi mata bayani duka. Ta ce, "Yana da magani?" Na ce yana da shi.